Tallafin inganta kula da masu ciwon dajin mafitsara a Amurka: hannun wa kuɗin ke shiga, kuma da wane sharaɗi?

Idan aka ji an ware miliyoyin daloli domin masu ciwon dajin mafitsara, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne za a biya wa marasa lafiya kuɗin asibiti. A tsarin Amurka kuwa, da wuya ko sisi ya shiga aljihun majiyyaci. Wata dokar tarayya ta 1977 ce ta raba tsakanin kwangila da tallafi. Kwangila ita ce gwamnati ta sayi wani abu don amfanin kanta. Tallafi shi ne ta ba wata cibiya kuɗi ta yi aikin da zai amfani jama'a. Don haka mai karɓa jami'a ce, ko asibiti, ko ƙungiya mai rajista. Likitan da ya kwana yana rubuta takardar nema jagoran aiki ne kawai. Ko da zai koma wata jami'ar, ba ya tafiya da kuɗin sai an amince masa.

To me ake gyarawa da kuɗin? Ana samun sababbin masu wannan ciwo fiye da dubu 80 a Amurka duk shekara, a duniya kuma sama da dubu 600. Taba sigari ce ke da alhakin kusan rabinsu. Kusan uku cikin huɗu ana gano su tun ƙarin bai kai ga tsokar mafitsara ba, sai a kankare shi ta mafitar fitsari ba tare da an tsaga ciki ba. Matsalar ita ce ciwon yana da naci, yana dawowa, shi ya sa ake shafe shekaru ana leƙa mafitsarar da siririyar na'ura mai kyamara. Likitoci sun san abin da ke rage dawowar. Akwai maganin da ake zubawa cikin mafitsara sau ɗaya kafin awa 24 ta cika da yin aiki, ga waɗanda ya dace da su. Akwai kuma BCG, wato rigakafin tarin fuka da aka sani, wanda ake zubawa mako-mako har sau shida ga waɗanda ƙarinsu ke da haɗari. Sani daban, aiki daban. Wani wurin ana gama aiki da yamma ɗakin magani ya tashi. Wani majiyyacin an zuba masa BCG sau uku ya ɓace, ba wanda ya neme shi. Mace ta zo da jini a fitsari a ce sanyi ne, a ba ta ƙwayoyi ta koma gida, sai ciwon ya yi nisa a farga. Wannan giɓi tsakanin abin da ke rubuce da abin da ke faruwa a ɗakin jinya shi ne tallafin inganta kulawa ke nufin cikewa. A ganina nan ne dala ɗaya ta fi yin aiki, ko da yake ba shi ne ke jan hankalin jaridu kamar sabon magani ba.

Babbar ƙofar nema ita ce cibiyar ciwon daji ta ƙasa, NCI, wadda aka kafa a 1937, Shugaba Nixon kuma ya faɗaɗa ikonta da dokar da ya sa wa hannu a Disambar 1971. Tana ƙarƙashin hukumar binciken lafiya ta NIH. Takardar nema tana bin matakai biyu. Kwamitin ƙwararru daga waje ya fara ba ta maki daga 1 zuwa 9, inda 1 ya fi kyau, sannan majalisar ba da shawara ta sake dubawa. Wata dokar 1993 ta wajabta sanya mata da tsirarun ƙabilu a binciken da ya shafi mutane, sai da ƙwaƙƙwaran dalili a bar su. A ciwon da maza suka ninka mata sau uku ko huɗu, wannan sharaɗi ba ado ba ne.

Da zarar kuɗi ya shigo, ƙa'idar kashe shi guda ce ga kusan duk tallafin tarayya, ta fara aiki a Disambar 2014. Duk abin da aka saya dole ya zama aikin na buƙatarsa, farashinsa ba a zuzuta ba, an kuma iya nuna shi a rubuce. A ɗauki ma'aikaciyar jinya da aka sa ta riƙa bibiyar waɗanda ake zuba wa BCG. In rabin lokacinta take ba wannan aiki, rabin albashinta kawai tallafin zai ɗauka. Ba a sayen giya da shi, ba a kamun ƙafa da shi a majalisa. Akwai kuma kaso da cibiya ke cirewa domin wuta da gini da akantoci. Manyan jami'o'i kan daidaita nasu kason da gwamnati. Wanda bai daidaita ba yana iya ɗaukar kashi 15 cikin 100 tun daga Oktobar 2024, bayan da can kashi 10 ne. A Fabrairun 2025 NIH ta so ta tsayar da kowa a kashi 15, jihohi da jami'o'i suka garzaya kotu, wata kotun tarayya a Massachusetts ta taka mata birki. Cibiyar da ta kashe dala miliyan 1 ta tarayya a shekara sai an binciki asusunta, takardu kuma a ajiye su shekara uku. Ƙarya a nan tsada gare ta, don doka ta ba da damar a ci mutum tarar ninki uku na asarar. Jami'ar Duke ta biya dala miliyan 112.5 a 2019 kan zargin sakamakon bincike na bogi da aka yi amfani da shi wajen neman tallafi.

Inda ya fi shafar majiyyaci kai tsaye shi ne layin da ke tsakanin gyaran aiki da bincike. Ƙa'idar kare mutanen da ake bincike a kansu, ta 1991 wadda aka sabunta a 2018, ta ce bincike shi ne aikin da aka tsara don samar da ilimin da zai yi amfani a ko'ina. Asibitin da ya sauya jadawalinsa don maganin bayan aiki ya riƙa isowa kan lokaci, galibi gyaran gida yake yi, ba sai kowa ya sa hannu ba. Amma in za a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a don gwada tazarar leƙa mafitsara, wannan bincike ne. Sai kwamitin ɗa'a ya amince, a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, yana da ikon ƙi ko fita a tsakiya ba tare da an rage masa kulawa ba. Layin ba kullum yake a fili ba, kuma bai kamata mai aikin ya yanke wa kansa hukunci ba, tunda shi ne mai son a ce ba bincike ba ne.

Kuɗin jinya na yau da kullum yana nan kan inshora. Yawancin masu wannan ciwo sun haura shekara 65, suna ƙarƙashin Medicare, wato shirin inshorar lafiya na gwamnati ga tsofaffi, wanda tun 2000 yake biyan kuɗin kulawar da aka saba ga wanda ya shiga gwajin magani da ya cika sharuɗɗa. Tallafin kan ɗauki abin da binciken ne kaɗai ya jawo shi.

Kamfanonin magani ma suna ba da irin wannan tallafi, kuma a nan ne ake ɗaga gira. Dokar hana cin hanci a harkar lafiya ta 1972 ta haramta ba da wani abu mai daraja don a sa likita ya rubuta maganin da gwamnatin tarayya za ta biya. Saboda haka kamfani ba ya iya cewa ga kuɗi, amma namu za ku riƙa rubutawa. Dokar 2010 ta ƙara da cewa abin da kamfani ya ba likita ko asibitin koyarwa sai ya bayyana shi, ana kuma wallafawa a shafin intanet na gwamnati tun 2014. Majiyyacin da aka gayyata shiga wani shiri yana iya rubuta sunan likitansa a can ya ga wane kamfani ya ba shi nawa, kuma don me.