Waiwaye: yadda milimita ɗaya ta zama alƙali a aikin hanji a Koriya ta Kudu

Muhawarar da likitocin hanji ke yi a Koriya ta Kudu tambaya ɗaya ce. An cire wa mutum ƙari ta na'urar leƙen hanji, gwaji ya nuna kansa ce a matakin farko. Shin an gama, ko kuwa a mayar da shi a yanke wani ɓangare na hanjin? Maganar ba yau ta fara ba.

Tun 1969 aka soma cire ƙarin hanji da zargen waya a Amurka. A ƙarshen shekarun 1990 likitocin Japan suka fara feɗe ƙarin gaba ɗayansa da ƴar wuƙar lantarki, ba tare da an farka ciki ba. A 2004 Koriya ta sa gwajin jini a bahaya cikin shirin binciken kansa na ƙasa ga masu shekara 50 zuwa sama, sai ƙananan ƙari suka riƙa bayyana da yawa.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne wani bincike da ya fito daga Japan a wannan shekarar ta 2004. An duba hanjin marasa lafiya sama da 800, ana auna yadda kansar ta nutse ƙarƙashin fatar cikin hanji. A ƙarin da yake zaune a jikin hanji, ba wanda ke reto a kan siririn wuya ba, duk wanda zurfinsa bai kai milimita 1 ba, ba a sami kansar ta bazu zuwa kaluluwar da ke kewaye da hanjin ba. Ma'anarsa, ƙasa da wannan layi hankali kwance. Binciken bai ce duk wanda ya haura layin yana cikin babban haɗari ba, amma a aikace kusan haka aka ɗauka. Kuma awon kansa ba sauƙi ne da shi ba, don sau tari kansar ta riga ta cinye siririn naman da ake fara awon daga gare shi, har masana biyu su duba samfurin nama ɗaya a madubin likita su saɓa.

Ƙa'idojin da likitocin Koriya suka fitar a 2020 sun riƙe wannan layi, tare da wasu alamomi kamar shigar kansa jijiyoyi da munin kamannin ƙwayoyinta. Alama ɗaya ta isa a ba da shawarar tiyata. To, a irin wannan kansar, kusan mutum 1 cikin 10 ne ake samun ta kai kaluluwa. Sauran an yanke musu hanji ne don rigakafi, kuma wanda ƙarinsa ke dab da dubura yana iya ƙarewa da jakar bahaya a gefen ciki.

A 2022 wani nazari da ya tattara binciken ƙasashe da dama ya nuna cewa idan zurfi ne kaɗai matsalar, haɗarin bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Shi ya sa yanzu wasu likitocin ke ganin a riƙa bibiyar irin waɗannan marasa lafiya, musamman tsofaffi, maimakon a garzaya da su ɗakin tiyata.