Idan takardar haihuwa ta ɓata, rajistar tana nan

Takardar haihuwar da ke hannun mutum kwafi ce kawai. Asalin bayanin yana cikin littafin rajista na hukumar da ta rubuta haihuwar, ko a kwamfutarta. Don haka idan gobara ta cinye takardar, ko ta salwanta wajen ƙaura, ba a sake yi wa mutum rajista. Abin da doka ta tanada a yawancin ƙasashe shi ne ya nemi wani kwafi mai hatimin hukuma, wanda ƙarfinsa ɗaya ne da na farko.

Inda aka rubuta haihuwar, can ake nema, ko da mutum ya daɗe da barin wurin. Wanda aka haifa a Amurka zai tuntuɓi ofishin jihar da aka haife shi. A Faransa ofishin magajin gari ne ke bayarwa. A Ingila da Wales akwai babban ofishin rajista da ke riƙe da bayanai tun daga 1837. Ko'ina ne, za a tambayi cikakken suna, ranar haihuwa, wurin haihuwa da sunayen iyaye.

Wahalar tana wajen tabbatar da cewa kai ne mai takardar. Shaidar da aka fi karɓa ita ce wadda gwamnati ta bayar, mai ɗauke da hoto, kuma wa'adinta bai ƙare ba: fasfo, katin shaidar ɗan ƙasa ko lasisin tuƙi. To amma shi kansa fasfon sau da yawa ba ya samuwa sai da takardar haihuwa. Wanda komai nasa ya ƙone a dare ɗaya fa, ta ina zai fara? Wannan ne ya fi damuna, domin masu ƙaramin ƙarfi da 'yan gudun hijira ne suka fi faɗawa cikin wannan hali. Ofisoshi da dama sun bar ƙofa: sukan karɓi ƙananan shaidu biyu ko fiye a haɗe, kamar katin makaranta, katin wurin aiki ko takardar banki mai suna da adireshi. Wasu sukan yarda uwa ko uba su nema da tasu shaidar, ko a kawo takardar rantsuwa. Wanda sunansa ya canza sai ya haɗa da takardar aure ko umarnin kotu. Tsananin yana da dalili, don kuwa da takardar haihuwar wani ake satar sunansa a buɗe asusu ko a nemi fasfo.

Wanda ba a taɓa yi masa rajista ba, nasa batun daban ne. Shi rajistar makara zai nema, wato rajistar haihuwa bayan lokacinta ya wuce, da shaidu irin su takardar asibiti, katin rigakafi ko rajistar makarantar firamare. Haƙƙinsa ne: sashe na 7 na Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya wajabta a rubuta haihuwar kowane yaro.

A guji dillalan da ke cewa za su fitar da takarda a yini ɗaya, a kuma guji rage shekaru. Takardar jabu laifi ce, kuma ranar haihuwar da ta saɓa da ta rajista tana iya tsayar da fasfo ko fansho bayan shekaru masu yawa.