Waiwaye: Yadda almakashi ya ƙwace gurbin kalma a menu na kwamfuta

Tun da manhajar macOS Tahoe ta kwamfutocin Apple ta fito a watan Satumban 2025 da 'yan hotuna jere a gefen kusan kowane umarni na menu, tsohuwar gardama ta sake tashi. Wasu na cewa menu ya koma rumfar 'yan koli, ido bai san inda zai sauka ba. Wasu kuma na cewa hoto ya fi saurin shiga ido, ga shi ba ya tambayar mutum ko ya yi boko. An yi makamanciyarta a kan Windows 11 da ya fito a Oktoban 2021. Idan ka danna dama a kan fayil, yanke da kwafa da liƙa da sauya suna da gogewa duk sun bar sahun rubutu sun koma 'yan alamomi a layi ɗaya, ba kalma ko guda, sai a sabuntawar 2024 aka rubuta sunayensu a ƙasa. Mai bin cece-kucen daga nesa zai ɗauka wani sabon yayi ne ya faɗo daga sama. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Maganar ta haura shekara talatin tana dahuwa.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. David Canfield Smith ne ya aro kalmar da ake kiran waɗannan hotuna da ita a Turanci, wato "icon", a kundin digirinsa na 1975 a jami'ar Stanford, daga hotunan ibada na majami'u. Shi ya sa za ka ga wasu masu fassara suna rubuta "gunki", abin da kan sa Bahaushe ya ɗan ja baya. Kwamfutar Xerox Star ta 1981 ta shimfiɗa su a kan fuska kamar teburin ofis, Macintosh ta 1984 ta kai su gidajen mutane da zanen Susan Kare, kowanne cikin ɗigo 32 a tsaye 32 a kwance, baƙi da fari.

Abin lura a wancan zamanin shi ne rabon aiki. Hoto na nuna abu: takarda, folda, firinta, kwandon shara. Kalma kuma na faɗin aiki: buɗe, adana, rufe, buga. Ka zaɓi abin da idonka ya gani, ka hau menu ka karanta abin da kake so a yi masa. Wannan rabo yana da hikima, domin zanen akuya kowa zai ce akuya ce, amma a ce ka zana "sayar da akuya bashi zuwa bayan salla" ka ga inda alƙalami zai tsaya. Har kundin ƙa'idojin tsara manhajojin Macintosh na 1992 ya ja kunnen masu shirya manhaja kada su cusa alamomin son rai a cikin menu, don suna cika wuri kuma suna rikita mai aiki.

Inda aka saki wannan layi ba a wayar hannu ba ne, kamar yadda ake yawan faɗa. A farkon shekarun 1990 ne, a wani siririn layi da ya bayyana ƙarƙashin menu, wanda mutane ƙalilan ke tunawa da shi idan ana wannan muhawara. Excel 3.0 na 1990 ya zo da wannan layin kayan aiki, wato jerin 'yan maɓallai masu hoto, Word 2.0 na Windows ya biyo baya a 1991, sauran masu manhajojin rubutu da lissafi su ma kowa ya kafa nasa, domin kasuwa ce, kuma mai saye yana ƙirga abin da ya gani a fuska. Niyyar mai kyau ce. Wanda ke adana takarda sau hamsin a yini ya gaji da hawa menu, a ba shi maɓalli guda ya danna ya wuce. Sai dai fuskar kwamfutar lokacin ɗigo 640 ce a kwance, 480 a tsaye. Babu filin rubuta suna a ƙarƙashin kowane maɓalli. Dole aka matse aiki, wanda a da kalma ce, cikin ɗan murabba'in da bai wuce ɗigo 16 ba.

A nan aka haifi yawancin alamomin da muke fama da su har yau. Almakashi ya tsaya wa yanke, wannan da sauƙi. Takardu biyu a jingine suka zama kwafa. Liƙa kuwa aka ba shi ɗan allon nan mai maƙalin ƙarfe da ma'aikatan ofis ke riƙe takarda da shi, abin da ba shi da wata alaƙa da liƙi sai ga wanda ya san cewa masu shirya manhaja da sunan allon nan suke kiran ma'ajiyar wucin gadi ta abin da aka kwafa a harshensu. Adana ya samu faifan fulofi, ɗan faifan ajiye fayil na wancan lokacin. Duba da kyau, duk cikinsu babu hoton aikin kansa. Hoton wani abu ne da ke kusa da aikin, a ofishin Amurka na wancan zamani.

Masu tsarawa sun ga matsalar tun da wuri, kuma maganin da suka kawo shi ne, a ganina, ya ba cutar tsawon rai. A 1991 tsarin System 7 na Macintosh ya zo da wasu kumfa na bayani da ke ɓullowa idan linzami ya tsaya a kan abu. Kafin tsakiyar shekarun 1990 ɗan rubutun raɗa mai launin ɗorawa ya zama ruwan dare a manhajojin Windows: ka ɗora linzami, ka jira ɗan lokaci, sunan maɓallin ya leƙo ya koma. Kalmar tana nan ke nan, an dai tura ta bayan labule. Daga ranar babu mai zanen da zai ji tsoron sa alama marar suna, domin in an ce masa ba a gane ba, amsa a shirye take: ai in ka tsaya a kai zai gaya maka. Wanda bai san ana tsayawa ba fa? Ba shi cikin lissafi.

Daga nan layuka suka yi ta haihuwa. Office 97 ya haɗe menu da layin kayan aiki a tsari ɗaya, hotuna suka shigo gefen kalmomi a cikin menu kansa, don mai aiki ya riƙa ganin kalma da alamarta tare har ya haddace. Zuwa Word 2003 layukan kayan aiki sun kai 31, umarni sun haura 1,500. Babu mai zanen da zai iya ƙirƙiro hoto bayyananne ga ko da kashi ɗaya cikin goma na wannan tuli.

Akwai wani ɗan labari daga wannan tsakanin da ya kamata duk mai wannan gardama ya sani. Jensen Harris, wanda ya yi aikin tsara fuskar Office, ya ba da shi a 2005. Lokacin da ake gyaran Outlook 98, an lura cewa waɗanda ba ƙwararru ba sam ba sa taɓa layin kayan aiki, in ban da alamar gogewa da suka saba gani. Amsa wasiƙa, tura ta gaba, rubuta sabuwa, duk ta menu suke bi. Aka sake zanen hotunan, shiru. Aka sauya musu jeri, shiru. Aka matsar da su ƙarƙashin menun da suka fito daga ciki, nan ma shiru. Sai da aka rubuta suna a gefen muhimman maɓallan, nan take kowa ya kama amfani da su, gwani da ɗan koyo. Wato tun kafin shekarar 2000 an gwada, an ga amsa. Faffaɗan layin da Office 2007 ya zo da shi ya bi wannan darasi, manyan hotuna da sunayensu.

To me ya sa darasin bai zauna ba? Abubuwan da suka haifi matsalar ba su je ko'ina ba. Umarni na ƙaruwa kowace shekara, fili ba ya ƙaruwa daidai da su. Kalma kuma tana da tsada: sai an fassara ta zuwa harsuna da dama, kuma abin da ya shiga maɓalli a Turanci yakan tumbatsa a Jamusanci. Hoto sau ɗaya ake zana shi. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, wanda ya zana alama ya riga ya san ma'anarta, ba zai ƙara iya kallonta da idon baƙo ba har abada.

Wayar hannu ta zo ta tarar da gini a tsaye, ta ɗora nata. Bayan fitowar iPhone a 2007, 'yan layuka ukun nan na kwance, alamar menu da Norm Cox ya zana wa Xerox Star, suka dawo suka zama ƙofar da ake tura komai bayanta. A fuskar taɓawa babu linzamin da zai tsaya a kan alama, don haka ɗan rubutun raɗan ma ya ɓace. Sannan salon ya juyo kan kwamfutar tebur, aka shiga lilo. GNOME, ɗaya daga cikin tsarin fuskar kwamfutoci masu Linux, ta ɓoye hotunan menu a 2009. Firefox 29, na shiga intanet, ya mayar da babban menunsa jerin manyan alamomi a 2014, a 2017 ya koma sahun rubutu, a 2021 ya cire hotunan gefen ma.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajen masu son hoto ita ce ta wanda bai iya karatu ba, ko bai ji Turanci ba, kuma mu nan ba za mu raina ta ba. A takardar zaɓe ma alamar jam'iyya ake dangwala wa. Amma a tuna wata nawa ake yi ana tallar alamar nan a rediyo da jikin bango da bakin maroƙa kafin ranar zaɓe. Alama koyonta ake yi, kamar harafi. Faifan fulofi da aka daina yayinsa tun kafin a haifi ɗaliban da ke zana jarrabawar JAMB a kwamfuta yau, ba ya ce musu komai sai abin da malami ya ce yana nufi. Kuma an daɗe da samun fassarar Windows ta Hausa. Kalmar da ke cikin menu ana iya mayar da ita "Adana", allon maƙala takarda kuwa haka zai zauna da baƙuncinsa.

Kwanakin baya kawuna, tsohon malamin firamare da ke buga takardun ƙungiyar unguwarsu da kansa, ya kira ni da daddare. An sabunta masa wata manhaja, yana son sauya sunan fayil, kalmar da ya saba dannawa ta yi ɓatan dabo.

"Kawu, duba sama, akwai 'yan hotuna a jere. Me ka gani?"

"Na ga almakashi. Na ga kwandon shara. Sai wani kamar tagogi biyu, sai kuma wani kamar akwati an soka masa tsinke."

"To mai tsinken nan nake zato. Ɗora linzami a kansa, kada ka danna, ka ɗan jira."

Na ji shiru, sai numfashinsa da ƙarar fanka.

"Ɗana, ga shi ya rubuto. Ashe ya san sunansa."

Da a ce kalma ce, da cewa zan yi danna inda aka rubuta kaza, mu yi sallama cikin minti ɗaya. Mun ci kusan minti goma na kati muna kwatance kamar masu neman gida a unguwar da ba lamba. Da na je gaishe shi ranar Juma'a, na tarar ya yanko takarda ya manna a gefen kwamfutar da salatif. Ya zana alamomin guda shida da biro, kowacce ya rubuta mata suna da Hausa a gabanta.