Gwangwanin feshin sauro ba ya zama fanko

Mutane da yawa sun ɗauka idan gwangwanin feshin sauro ko na turare ya daina fesawa, to babu komai a ciki, sai a jefa shi bola a cinna wuta. Kuskure ne babba, kuma abin da ya fi damuna, yara ne ke kewaye wutar bola.

Ko ya daina fesawa, iska na nan a ciki, a rufe ruf. Idan zafi ya taɓa ta, ƙwayoyinta ba kumbura suke yi ba, yawansu ma bai ƙaru ba. Gudu suke ƙarawa, suna ta dukan bangon gwangwanin da ƙarfi, ga shi babu mafita; wannan dukan shi ake kira matsin iska. Wani masani Bafaranshe, Guillaume Amontons, ya gano tun wajajen 1700 cewa matsin iskar da ke rufe yana ƙaruwa idan ta yi zafi. Daga digiri 27 zuwa 327 a ma'aunin Salshiyos, matsin iskar yana ninkawa biyu, harshen wuta kuwa ya wuce haka.

Sau da yawa ma akwai ragowar gas mai kamawa da wuta, wanda ke sa matsin ya hau da sauri. Gwangwanin sai ya tarwatse, ƙarfe ya yi tsalle, wuta ta biyo baya.