Waiwaye: Windows na gwaji da bayanan da yake kwasa

A ranar 1 ga Oktoba, 2014, kamfanin Microsoft ya saki Windows 10 tun bai gama haɗa shi ba, ya ce duk mai so ya sauke kyauta ya gwada, ƙarƙashin shirin da ya raɗa wa suna Windows Insider. Ba a yi kwanaki ba surutu ya tashi. Waɗanda suka daure suka karanta takardar sharuɗɗa sun tarar kamfanin ya rubuta ƙarara cewa yana iya tattara haruffan da mutum ya buga, da muryarsa idan ya yi wa na'urar magana, da bayanin fayil ɗin da ya buɗe, har da manhajar da ya buɗe shi da ita. Jaridu da dama suka ce ɗan leƙen asiri aka dasa wa jama'a. Masu kare kamfanin suka ce ba a ɓoye komai ba, kayan gwaji ne, kuma an gargaɗi kowa kada ya ɗora shi a kwamfutar da yake aikin yau da kullum da ita.

Hujjar tasu tana da ƙarfi, domin mai haɗa manhaja ba zai gano inda take tuntuɓe ba sai ya ga yadda ake amfani da ita. Can baya ma ana aika rahoto, amma da sallama. Wanda ya yi zamani da Windows XP, wanda ya fito a 2001, zai tuna ɗan akwatin da ke fitowa idan manhaja ta maƙale, yana tambaya ko a aika rahoto ko kada a aika. Sai dai a 2006 aka gano manhajar Microsoft mai tantance sahihancin Windows tana tuntuɓar kamfanin kullum ba tare da sanin masu kwamfuta ba. Ko Ubuntu, wani tsarin sarrafa kwamfuta na kyauta mai gogayya da Windows, bai tsira ba: a 2012 ya fara haɗa binciken da mutum ke yi a kwamfutarsa da tallan Amazon, har Richard Stallman, ɗan fafutukar 'yancin masu amfani da manhaja, ya kira shi kayan leƙen asiri.

Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ya biyo bayan gwajin. Da Windows 10 ya fito ga kowa a ranar 29 ga Yuli, 2015, ba a tattara komatsan aika bayanan an fitar ba, rage su aka yi, kuma mai amfani da nau'insa na gida (Home) ba shi da maɓallin kashe su ɗungurungum. A Yulin 2016 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta ba kamfanin wa'adin wata uku ya daina kwasar abin da ya wuce kima. Sai a Afrilun 2017 Microsoft ya wallafa jerin bayanan da yake ɗauka a mataki mafi ƙanƙanta, amma duk da haka a Oktoban shekarar hukumar Holan ta ce ya karya dokar ƙasarta. A 2024 aka sake kwatawa da Recall, mai ɗaukar hoton allon kwamfuta a kai a kai: da suka ta yi yawa aka ɗage shi, aka mai da shi sai mutum ya kunna da kansa, aka fara miƙa shi ga 'yan gwaji.

Duk wannan muhawara an gina ta ne a kan cewa mai kwamfuta shi ya karanta, shi ya danna ya yarda. A Zariya ba haka abin ke tafiya ba. Ɗalibi a Samaru ko Kongo zai sayi laftof na hannu, ya kai shago a Sabon Gari ya ce a yi masa fomat. Mai gyara ya zaro filashi, ya ɗora abin da ke ciki, ya danne duk tambayoyin farko cikin minti ɗaya don wani kwastoman na jira. Idan aka yi rashin sa'a na gwaji ne a filashin, to wani ya amince a madadin wani. Mai kwamfutar kuwa ƙorafinsa ɗaya ne, wai tana shan data.

Abin ya fi tsanani a shagunan buga takardu, inda kwamfuta ɗaya ke ganin furojet ɗin ɗalibai, da lambar NIN, da takardun neman aiki na mutanen da ba su taɓa ganin wata takardar sharuɗɗa ba. Najeriya ta samu ƙa'idar kare bayanai daga hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, a 2019, sannan cikakkiyar doka a Yunin 2023 wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, kuma ta ɗora alhaki a kan masu riƙe bayanan jama'a don sana'a. A ganina mai shago na cikin wannan layi, ko ya sani ko bai sani ba.

Gane na gwaji ba wuya. Yawanci akwai ƙaramin rubutu a kusurwar dama ta ƙasan allo, kuma idan aka rubuta winver a wurin bincike zai nuna ranar da wa'adinsa zai ƙare. Shirin Insider na Microsoft sai an kunna aika ƙarin bayanai kafin a ci gaba da samun sababbin gwaje-gwajensa, don haka mai son fita gara ya kwashe fayilolinsa a ɗora masa na gama-gari daga tushe.