Haɗa ƙaramar kwamfutar hannu don koyon kodin (rubuta manhaja): amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tambayoyin nan an yi mini su har na haddace. Ga amsa sau ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake turo wata.

Da me zan fara?

Da Raspberry Pi 4 ko 5. Kwamfuta ce guda a kan ɗan faranti mai girman katin banki, an fitar da samfurinta na farko a Ingila a 2012 domin yara su koyi rubuta manhaja. Sai ƙaramin sikirin, kibod, katin memori da batir. Shi ke nan.

Zan iya sa mata Windows?

Kada ka wahalar da kanka. Sa Raspberry Pi OS, babbar manhajar da aka yi domin tafiyar da ita. Linux ce da aka gina a kan Debian, Python, yaren rubuta manhaja, na ciki, haka ma Thonny da za ka riƙa rubutu a kai.

Pi Zero 2 W ta fi ƙanƙanta, me zai hana?

RAM ɗinta megabait 512 ne kacal. Buɗe shafin intanet biyu ka ga ikon Allah. In rubutu zalla za ka yi a baƙin allon rubuta umarni, to ta ishe ka.

Da wane batir zan yi amfani, kuma awa nawa zai kai ni?

To, ga inda gizo ke saƙa, kuma duk wanda ya ba ka amsa a jimla ɗaya bai taɓa haɗawa ba. Pi 4 tana son volt 5 da amp 3, Pi 5 kuwa har amp 5 take nema in an loda mata kaya. Mafi sauƙi shi ne fawa bank, amma da sharaɗi. Wanda aka rubuta wa 10,000mAh, a kan volt 3.7 aka yi wannan lissafin, wato wat-awa 37 ke nan. Wajen ɗaga wutar zuwa volt 5 wani kaso zai tafi a zafi, ka ɗauka wat-awa talatin ne ya saura. Pi 4 da sikirin mai inci 7 za su ci kamar wat 6 zuwa 8. Ke nan wajen awa huɗu, ƙila ya ɗara, ƙila ya gaza, ya danganta da hasken sikirin, da aikin da kake yi, da kuma ko lambar da ke jikin fawa bank ɗin gaskiya ce. Sau da yawa ba ita ba ce.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: wasu fawa bank suna ɗauke wuta na ƙiftawar ido a lokacin da ka jona su a caji ko ka cire. Waya ba za ta ji ba, tana da batirinta. Pi kuwa nan take za ta mutu, in kuma tana cikin rubutu a katin memori, katin na iya birkicewa. Ni sau biyu na yi asarar aikin mako haka. Gwada naka kafin ka amince da shi. In ta yi ta kukan ƙarancin wuta, fara zargin wayar cajin, siririya ko doguwa tana shanye wutar a hanya.

Akwai masu haɗa batir 18650, wani dogon batirin lithiyam mai caji, da kansu. Yana yiwuwa, ban hana ba, amma ban ba sabon shiga shawara ba. Dole a sa allon kariya mai hana cajin wuce volt 4.2 da hana batirin zuƙewa ƙarƙaf. Lithiyam in ya fusata gobara ce, ba wasa ba. Batir 18650 kuma da aka rubuta wa 9,900mAh ƙarya ce tsagwaronta, na kirki ba ya wuce 3,500 da ɗoriya kaɗan. Sannan ka sani Pi ba ta da barci irin na laftof, rufe murfi ba ya tsayar da cin wuta.

Tana zafi, ta lalace ne?

A'a, kwantar da hankalinka. In ta haura digiri 80 da kanta take rage gudu. Sa mata ƙaramar fanka.

Buɗaɗɗiya ce gaba ɗaya?

Ba gaba ɗaya ba. Yawancin manhajar a buɗe take, kowa na iya dubawa ya gyara, amma ƙwaƙwalwar ta kamfanin Broadcom ce, kuma wani ɓangare na manhajar da ke tada ta a rufe yake. Mai son zanen kowane sashe a fili ya duba laftof ɗin MNT Reform da ake ƙerawa a Berlin. Mai koyon Python dai, wannan ba ciwon kansa ba ne yanzu.

Akwatin fa, sai na buga shi da firinta 3D?

Haba ɗan'uwa. Kwali mai kauri da salatif sun isa. Akwai wani da ya shafe wata uku yana zana murfi da maƙalai, yana turo mini hotuna ta kowace kusurwa. Da na ce ya nuna mini abin da ya rubuta da Python, sai ya ce bai sa katin memorin ba tukuna.