Yunwar jariri ba ta jiran a koma gida: shayarwa a bainar jama'a da batun doka

Jaririn da bai wuce 'yan makonni ba yana neman nono sau 8 zuwa 12 a cikin awa 24, wani ma ya wuce haka. Ba ruwansa da agogo, ba ruwansa da inda aka kai shi. In yunwa ta taso masa a layin banki ko a cikin mota ko a ɗakin jiran likita, to a nan ta taso. Masu muhawara kan ko ya dace doka ta kare mai shayarwa a bainar jama'a sun fi damuwa da idon mai kallo, sai a yi ta maganar abin da za a gani da wanda ba za a gani ba, a mance da cikin yaron da ake maganar dominsa.

Mu ma'aikatan lafiya kullum muna koya wa masu jego su gane yunwa tun kafin kuka. Yaro zai fara motsa baki, yana lasar leɓe, yana juya kai yana lalube a jikin duk wanda ya ɗauke shi, yana cusa hannu a baki. Kuka shi ne alama ta ƙarshe. Wanda aka bari har ya tsala ihu, fuska ta yi jawur, jiki ya ƙage, kama nono yakan gagare shi. Sai an daɗe ana jijjiga shi, in ma ya kama sai ya cafki kan nonon kaɗai maimakon ya cika baki da baƙin da ke kewaye, daga nan uwa ta tashi da tsagewar kan nono mai raɗaɗi. To ka ga a asibiti mun ce mata ta ba shi da zarar ya nema, a waje kuma wani ya ce ta haƙura sai ta je gida. Maganar wa za ta ɗauka?

Jikin mace yana yin nono ne gwargwadon yadda ake cire shi. Tsotson yaro ne ke sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin furolaktin mai ƙera nonon, da oksitosin mai matso shi ya zubo. Shi oksitosin ɗin nan tsoro da kunya da ɓacin rai suna danne shi. Macen da ta zauna a takure, tana jin ana zunɗenta, ko wani ya tsaya mata a kai yana cewa ta yi sauri, nonon yana nan amma sai ya ƙi zubowa yadda ya kamata. Yaro ya tsotsa ya saki, ya tsotsa ya saki, ya fashe da kuka. Ita kuma ta yanke wa kanta hukunci: nonona ba ya isarsa. Wannan kalma mun fi jin ta fiye da kowace daga bakin matan da suka daina shayarwa da wuri, alhali sau da yawa nonon bai gaza ba, yanayin da aka saka ta ne ya gaza. Idan kuma ta riƙa tsallake shayarwa duk lokacin da ta fita, nono zai cika ya yi tauri kamar dutse, ya jiƙa mata riga, wani lokaci ya kumbura ya kawo zazzaɓi har ya tara ruwa. Jiki kuma da ya ga ba a cirewa sai ya rage yi.

Daga nan bulumboti yake shigowa, wai don fita kawai. Ba zargin matan da lalura ta sa suke ba da madarar gwangwani nake yi ba, akwai su, kuma ba su yi laifin komai ba. Amma a san cewa garin madarar ba a raba shi da ƙwayoyin cuta ɗari bisa ɗari ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama shi da tafasasshen ruwan da zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, wanda aka dama kuma kada ya wuce awa 2 a ajiye ba tare da firji ba. Wace uwa ce za ta iya cika waɗannan sharuɗɗa a tashar mota? Nono kuwa yana zuwa da tsabtarsa, da ɗuminsa, da garkuwar da ke kare yaro daga gudawa da ciwon huhu, waɗanda ke cikin cututtukan da suka fi kashe ƙananan yara.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sananniya ce: a sa jariri a nono cikin awar farko, ya sha dakashi, a ba shi nono zalla wata 6 ba ko ruwa, tunda kusan kashi 87 cikin ɗari na nonon ruwa ne, sannan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara 2 ko fiye. Musulunci ma shekara biyu cikakku ya ambata ga mai son cika shayarwa. Binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa da shayarwa za ta game duniya, da an ceci yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 823,000 duk shekara, da mata kimanin 20,000 daga mutuwa ta sankarar mama. Duk da haka, a rahoton 2023, kashi 48 cikin ɗari ne kacal na jariran duniya 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla. Babu macen da za ta yi wata 6 a ɗaka, balle shekara 2. Za ta kai yaro rigakafi, za ta je aiki ko makaranta ko kasuwa, za ta yi tafiya. Duk al'ummar da ta ce a shayar shekara biyu amma kada a gani, ta ba da umarnin da ba zai yiwu ba.

Nakan ji masu cewa ai wannan matsalar Turawa ce, a wurare da yawa mace tana ba ɗanta nono a duk inda take ba wanda zai ko ɗaga kai. Gaskiya ne, kuma abin a riƙe ne da hannu biyu. Sai dai su ma ƙasashen da suka wayi gari suna kafa doka ba haka suka taso ba. Madarar gwangwani da tallarta ne suka mamaye su a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, har aka yi zuriyar da ba ta taɓa ganin ana shayarwa ba, abin ya koma baƙo a idonsu. Ta kai ga a 1984 sai da jihar New York ta Amurka ta gyara dokarta ta bayyana tsiraici don a cire mai shayarwa daga cikin masu laifi. Yau kuma a ko'ina birane na cika da manyan kantuna da bankuna da filayen jirgin sama da gidajen abinci masu maigadi a ƙofa da manaja a ciki, kowa da ƙa'idar da ya ƙirƙira. A irin waɗannan wurare ne ake fara jin "Baiwar Allah, yi haƙuri, ba a yi a nan, ga ban-ɗaki can." Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Doka ta fi sauƙin kafawa tun jama'a suna ganin shayarwa a matsayin abin da aka saba.

Ƙasashen da suka kafa irin wannan doka hanyoyi daban-daban suka bi, kuma ba duka ne suka yi kyau ɗaya ba. A Amurka an yi dokar tarayya a 1999 da ta halatta shayarwa a gine-ginen gwamnatin tarayya, amma sai a 2018 jihohi 50 suka cika, Utah da Idaho ne na ƙarshe. Da yawa daga dokokin jihohin sun ce mace tana da damar shayarwa, suka yi shiru kan abin da zai sami wanda ya hana ta. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta ɗauki wulaƙanta mace saboda tana shayarwa a matsayin nuna wariya, sai dai ita ce za ta shigar da ƙara da kanta. Mai ɗanyen goyo da ba ta samun barci, ina ta ga lokacin zaryar kotu da kuɗin lauya? Wadda ta fi burge ni ita ce ta Sikotland ta 2005. Ta mayar da hana ciyar da yaro ɗan ƙasa da shekara 2 madara a wurin jama'a laifi, da tarar da za ta iya kai fam 2,500, kuma ta haɗa da mai ba da nono da mai ba da bulumboti. Wato abin da ta kare shi ne cin abincin yaron, nauyin bin kadi kuma yana wuyan hukuma. Taiwan ma ta yi tata a 2010 mai cin tarar wanda ya hana mai shayarwa ko ya kore ta.

Batun sutura shi ne inda mutanen kirki suke tsayawa, kuma ban raina damuwarsu ba. Mata da yawa su da kansu sun fi son su yafa mayafi ko su juya baya, kuma hakkinsu ne. Abin da nake ƙi shi ne a rubuta cikin doka cewa sai ta rufe, ko sai ta yi "cikin mutunci". Ranar da aka sa wannan sharaɗi an naɗa kowane maigadi alƙali, shi zai auna ko mayafin ya isa. Wanda kuma ya taɓa riƙon yaro ɗan wata huɗu ya san yadda yake fizge duk abin da aka rufa masa, yana son ya ga fuskar uwarsa. Sabuwar uwa tana buƙatar ta ga bakin jaririn don ta gyara masa kamu, ga zafi yana sa yaro ya yi sharkaf da gumi a ƙarƙashin zane. Mafi yawan lokaci ma mai wucewa ba abin da yake gani sai ƙeyar yaro. Wanda ya kafa ido har ya ga fiye da haka, shi ya kamata a yi wa magana. Ingila da Wales sun gane wannan, a 2022 suka mayar da ɗaukar hoton mai shayarwa ba da yardarta ba don sha'awa ko cin zarafi laifin da kan iya kai mutum kurkuku shekara 2. A zamanin da kowa ke riƙe da waya mai kyamara, dokar da ta bar wannan ta bar babban giɓi.

Ɗakin shayarwa abu ne mai kyau, musamman ga mai tatsar nono ko mai yaron da hayaniya ke ɗauke wa hankali. Dokar Filifin da aka sa wa hannu a 2010 ta wajabta irin waɗannan ɗakuna a wuraren aiki da na jama'a, ta ce kada a yi su a ban-ɗaki, ta kuma ba ma'aikaciya aƙalla minti 40 na shayarwa ko tatsa a cikin aikin awa 8. Kenya ta sa makamancin haka cikin dokar lafiyarta ta 2017. Amma ɗaki ya zama zaɓi. Kada samuwarsa ta zama hujjar tashin mace daga inda take zaune, ta bar layin da ta daɗe tana bi, ta ja sauran yaranta zuwa hawa na uku. Haka nan kada kariya ta juye ta zama tilas, a ce za a hukunta wadda ba ta shayar ba. Wanda ya tare hanya shi doka za ta nufa.

Takarda kaɗai ba ta gyara hali. A 2014, shekara huɗu bayan dokar daidaito, a wani babban otal na Landan an ce wa wata mai shayarwa ta rufe kanta da jaririyarta da ƙyallen tebur, har mata suka taru a ƙofar otal ɗin suna shayarwa don nuna fushinsu. Dokar da ma'aikacin ƙofa bai taɓa ji ba, ba ta da amfani ga matar da ke gabansa. Abin da manya suka yi a idon duniya shi ma yana da tasiri. A 2003 an fitar da 'yar majalisa Kirstie Marshall daga zauren majalisar jihar Victoria ta Ostiraliya tana shayar da jaririyarta 'yar kwana 11, da hujjar cewa jaririyar baƙuwa ce a zauren. A 2017 Sanata Larissa Waters ta shayar da tata a majalisar dattawan ƙasar ba wanda ya tanka. Fafaroma Francis ma a 2014 ya ce wa iyaye mata a wurin bikin baftisma a Fadar Vatican su shayar da 'ya'yansu in sun ji yunwa. Sannan kariyar bainar jama'a tana tafiya ne da ta wurin aiki. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 2000 ta tanadi hutun haihuwa na aƙalla mako 14 da lokacin shayarwa da ake biya, ga kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1981 da ta taƙaita tallar madarar jarirai.

Kafin majalisa ta zauna akwai abin da kowa zai iya yi. Mai shago ko ofis ya tara ma'aikatansa ya faɗa musu a fili cewa ba a tashin mai shayarwa, a ba ta kujera mai jingina da ruwan sha, don shayarwa na sa ƙishirwa. In wani ya kawo ƙorafi, shi za a sauya wa wurin zama. Maigida da ya fita da iyalinsa ya zauna kusa da ita, ya karɓi jaka, ya riƙe babban yaron, in an yi magana shi ya amsa. Ke kuma 'yar'uwa, ki sa rigar da za ki ɗaga daga ƙasa ko mai buɗewa ta gaba, ki ba shi tun yana lasar leɓe, kafin kukansa ya jawo miki idanu. In kin daɗe a waje nono ya yi tauri, ki ba shi ya sha ko ki tatse kaɗan da hannu har ya yi laushi. In wani sashe ya yi ja yana zafi, jiki ya ɗau zazzaɓi, kada ki daina shayarwa, nonon ba zai cuce shi ba. Idan aka kwana aka wuni bai sauka ba, ki je asibiti.